A Daina Cike Makin Gwajin Yara Da Ka

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan yadda ake auna ilimin yara a makarantunmu na jihar Sakkwato, musamman gwaje-gwajen cikin zango waɗanda malamai suke kira CA.

Tun a Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 aka tanadi cewa kada a rataya makomar ɗalibi a kan jarrabawa ɗaya ta ƙarshe, a riƙa gwada shi a kai a kai, shi ya sa makarantu da yawa suke ware wa waɗannan gwaje-gwaje maki 30 ko 40 cikin 100. Hikimar ita ce malami ya gano inda yaro ya cije tun da sauran lokacin gyara. Amma a makarantu da dama, sai makon ƙarshe na zango ya zo malami ya zauna da rajista ya cike makin da ka, yaro mai ladabi ya samu da yawa, mai ƙiriniya ya samu kaɗan, alhali babu wata takardar gwaji da za a iya nunawa. Ban ɗora wa malamai laifin duka ba, domin wanda aka damƙa wa aji mai cunkoso da darussa uku ko huɗu yana da uzuri, sai dai uzurin ba ya koya wa yaro karatu.

Lokacin da aka yi gwajin karatun ƙananan azuzuwa a Sakkwato da Bauchi da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, wato USAID, aikin da daga baya ya haifar da littattafan Mu Karanta, an zaunar da kowane yaro shi kaɗai, aka ba shi minti ɗaya ya karanta gajeren labari da Hausa, sannan aka yi masa tambayoyi a kansa. An tarar da yara masu yawa ba sa iya karanta ko kalma ɗaya, kuma babu shakka yawancinsu suna da takardar sakamako mai cewa sun ci. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Shehu, domin a makarantar allo almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam karatun, malam ya ji da kunnensa ya gamsu.

Saboda haka ina kira ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da Ma'aikatar Ilimi su umarci masu duba makarantu su riƙa neman takardun gwajin da aka duba aka mayar wa yara da gyara a jiki, maimakon su tsaya a kan lambobin rajista. Tambayoyin ma su riƙa neman yaro ya yi bayani da bakinsa ko ya warware lissafin da bai taɓa gani ba, domin haddar abin da aka kwafa daga allo ita ce take kai ɗalibi ga neman satar amsa ranar WAEC da NECO. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna da masanan da za su iya horar da malamanmu a kan tsara irin waɗannan tambayoyi a lokacin dogon hutu.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin firamare mai ritaya,
Sakkwato.