Ciwon suga da ƙarar tsofaffin sojojin Amurka

Ya Edita,

Rahotonku kan dokar PACT ta 2022, wadda ta faɗaɗa kulawa da diyya ga tsofaffin sojojin Amurka da suka haɗu da guba a bakin aiki, ya bar wani gibi. Gaskiya ne ma'aikatar tsofaffin sojoji ta Amurka tana ɗaukar ciwon suga nau'i na 2 a matsayin illar gubar Agent Orange (sinadarin kashe tsirrai da sojojin Amurka suka fesa a lokacin yaƙi) ga waɗanda suka yi aiki a Biyetnam daga 1962 zuwa 1975. Amma akwai rigimar ɗaukaka ƙara kan kason diyya, wato kashi nawa cikin ɗari na naƙasa ake lissafa wa soja.

Mai shan ƙwaya ko allurar insulin tare da ƙayyade abinci kashi 20 yake samu. Kafin a kai 40, sai likita ya rubuta ƙarara cewa ya hana shi aikin ƙarfi saboda ciwon. Tsoho ya zo da ƙafa mai dindiris, ido na dishi-dishi, amma babu wannan layi ɗaya a fayil ɗinsa, sai a yi watsi da ƙararsa. Abin da ciwo.

Ina kira ga ma'aikatar ta riƙa bayyana wannan sharaɗi cikin takardar hukunci. Su kuma sojojin su nemi a auna lalacewar jijiya, ƙoda da ido daban-daban, su ɗaukaka ƙara kafin shekara ɗaya ta cika daga ranar hukuncin.

Wassalam.