Wutar Ajiya ga Masu Zama a Gidan-Mota: Batir Ya Kamata a Fara Saye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan yadda masu zama a manyan motocin nan masu gado da kicin da banɗaki, waɗanda Amurkawa ke kira RV, suke samun wutar lantarki idan sun yada zango a inda babu turken wuta. Duk watan Janairu dubban irin waɗannan motoci kan taru a hamadar da ke kewaye da garin Quartzsite na jihar Arizona ta ƙasar Amurka, a filayen gwamnatin tarayya, kowa kuma shi ne kamfanin wutar kansa.

Sabon shiga yakan ruga ya sayi janareto, alhali a ganina kuɗinsa na farko a kan batir ya kamata ya tafi, domin a nan ake tara duk wutar da aka samo. Batirin dalma mai amfiya-awa 100 da bolt 12 yana riƙe kimanin wat-awa 1,200, wato wutar da za ta riƙe na'ura mai jan wat 100 na awa 12, amma rabin hakan kawai ake sha idan ana so ya yi ƙarko. Na litiyam, irin wanda ake kira LiFePO4, ana iya shan kusan dukkan abin da ke cikinsa, ga shi bai kai na dalma nauyi ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga motar da ke da iyakar kayan da za ta ɗauka. Aibinsa, ban da tsada, shi ne ba a yi masa caji idan sanyi ya kai ƙasa da digiri sifili na ma'aunin Salshiyas, sai dai in yana da na'urar ɗumama kansa.

Farantan sola su ne hanyar farko ta cika shi, sai dai rufin mota ba shi da faɗi, kuma hadari da ƙura da inuwar bishiya duk suna rage abin da suke bayarwa. Saboda haka masu dabara kan ƙara caja ta musamman tsakanin altanetar injin, wato na'urar da ke samar da wuta idan injin yana aiki, da batirin da ke ba ɗakin motar wuta, yadda duk tafiyar da aka yi za ta zama caji ba tare da an ƙona altanetar ba. Girki da firji kuwa ana iya barinsu ga iskar gas.

Ban ce a jefar da janareto ba. Na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi tana jan wat 1,500 ko kusa da haka, kuma 'yan farantai ba za su riƙe ta yini guda ba. Amma matsayin janareto na ranar larura ne, domin yana da ƙara, gandayen shaƙatawa da yawa sun ƙayyade sa'o'in kunna shi, jihar Kalifoniya ma ta tsara cewa sababbin ƙananan janaretocin da za a sayar daga samfurin 2028 su zama marasa hayaƙi. Mu 'yan Najeriya mun sha jin labarin iyalan da hayaƙin janareto ya hallaka cikin barci, kuma ɗakin mota ya fi ɗakin gida ƙunci. Duk wanda zai kunna shi ya ajiye shi nesa da taga, ya kuma tabbatar na'urar gano gubar hayaƙi tana aiki kafin ya kwanta.

Wassalam.
Wani mai karatu