Barka da Sallah daga Guangzhou, da bayanin kwalin littattafai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, barkanmu da Sallah, barka da shan ruwa. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana da rai da lafiya. Ina gaida Inna, da Yaya da maigidanta da yara. Mu ma nan ƙasar Sin an sauko idi lafiya, Musulmin ƙabilar Hui suna ta rabon soyayyen fulawarsu mai faɗi, shi ne abincin Sallarsu.

Cikin kayan da na aiko akwai kwalin littattafai. Yawancinsu na Auta ne, tunda ya ƙudurta zuwa karatu ƙasar Sin. Ina roƙo ku sa masa ido ya bi su daki-daki, don wanda ya fara da mafi girman cikinsu yakan ajiye tun bai yi nisa ba.

Auta, fara da siririn nan na Fei Xiaotong, masanin zamantakewa, a kan zaman ƙauye, wanda ya fito a 1948. Babi 14 ne kacal. Ya ce dangantakar Basine tamkar zoben ruwa ce in an jefa dutse a tafki: mutum na tsakiya, iyali na kusa, sai dangi, sai 'yan gari, haƙƙin kowa na raguwa gwargwadon nisansa. In ka fahimci wannan za ka gane dalilin da ya sa ɗan kasuwa a nan yake so ku ci abinci tare kafin a yi maganar ciniki. Sai dai ƙauyukan da ya bayyana na kafin 1949 ne, kuma tun 2011 mazauna birane sun fi rabin jama'ar ƙasar.

Kafin ka buɗe na biyu, ɗauki takarda ɗaya ka jera dauloli: Han ta faɗi a 220, Tang 618 zuwa 907, Song 960 zuwa 1279, Yuan ta Mongol har 1368, Ming har 1644, Qing har 1912. Sinawa da sunan daula suke lissafin zamani, marubutansu kuma ba sa tsayawa yi maka bayani.

Na biyun shi ne Sanguo Yanyi, labarin masarautu uku da suka yi ta gwabzawa bayan faɗuwar Han, babi 120. A nan ne mutane suka fi sarewa, kuma sunaye ne sila. Sunan dangi ke zuwa farko: Liu Bei ɗan gidan Liu ne, Bei ne sunansa na yanka. Ga kuma sunan girmamawa da ake ba namiji in ya balaga, shi ya sa za ka ga Zhuge Liang a wannan shafi, Kongming a na gaba, alhali mutum ɗaya ne. Liu Bei shi ne Xuande, Guan Yu shi ne Yunchang. Rubuta su bibbiyu a bayan takardar daulolin. Sannan tsofaffin fassarori suna bin wata hanyar rubutu dabam da pinyin, wato rubuta Sinanci da haruffan boko, da aka kafa a 1958, don haka Ts'ao Ts'ao da Cao Cao duk sunan mutum guda ne. Wajen furuci Bahaushe ya fi Bature sa'a: c ɗinsu ya yi kusa da ts namu, q kusa da c namu, zh kusa da j, x kusa da sh.

Kada ka ɗauke shi tarihi tsantsa. A ƙarni na 14 aka tsara shi, sama da shekara 1000 bayan aukuwar abin, kuma marubucin ya fito fili yana goyon bayan Liu Bei yana baƙanta Cao Cao. Mai son abin da ya fi kusa da gaskiya sai ya nemi tarihin da Chen Shou ya rubuta tun ƙarni na 3.

Xiyou Ji, labarin biri da malamin addinin Buddha da ya je Indiya neman littattafai, shi ne mai daɗin karatu. Malamin ya rayu da gaske, Xuanzang ke nan, ya dawo gida a 645. Sauran duk tatsuniya ce cike da aljanu da gumakansu, a haka za ka karanta shi. Fassarar Arthur Waley ta 1942 da ke cikin kwalin babi 30 kawai ta ɗauko cikin 100, cikakkiyar ta Anthony Yu mujalladi 4 ce. Hongloumeng kuwa, labarin ɗaukaka da faɗuwar wani babban gida, bar shi sai ƙarshe, na fi ganin girmansa a kan duka, amma yana son wanda ya riga ya san ladubban gidajensu.

Baba, naku shi ne na Larabcin, maganganun Konfushiyas, babban malamin Sinawa na zamanin da, da almajiransa. Wanda ya fassara shi Musulmi ne Basine, Ma Jian, Larabawa na ce masa Muhammad Makin. Ya yi karatu a Azhar, aka buga fassarar a Alƙahira a 1935, kuma fassararsa ta Alƙur'ani zuwa Sinanci, wadda ta fito a 1981, ita ce ta fi yaɗuwa a nan. Za ku tarar da magana mai yawa a kan biyayyar iyaye da haƙƙin talaka a kan sarki, amma ba littafin wahayi ba ne, zancen tarbiyya ne da mulki. Ku haɗa da babin Sin a Rihlar Ibn Battuta. Birnin Zaitun da ya ambata shi ne Quanzhou na yau, sai dai masana na shakkar ko ya isa Beijing kamar yadda ya faɗa.

A ɗora kwalin a kan kanta, kada a bar shi a ƙasa saboda gara, damina na tafe. Goron Sallar yara yana hannun Yaya. A ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku mai biyayya,
daga Guangzhou