Zuwa Ga Ummi, Kan Maganin da Aka Ce Kin Ajiye

Tudun Wada, Zariya

Assalamu alaikum Ummi,

Da fatan kuna lafiya, ke da mai gidanki da su Hajiya. Mu nan sai godiya. Babanki yana gaishe ki, ƙafar tasa ta yi sauƙi, har ya koma fita sallar asuba.

Takarda na zaɓa in rubuto miki domin na san halinki a waya. "To Mama, to Mama" za ki yi ta ce mini har kati ya ƙare, in na ajiye ki yi abin da ke ranki.

Gwaggonki Asabe ta dawo daga sunan Funtuwa da magana biyu. Ta farko ta faranta mini rai, Allah ya inganta, ya raba lafiya. Ban ji haushin kin ɓoye mini ba, kunya ce, ni ma haka na yi wa Inna. Ta biyun ce ta hana ni barci. Ta ce a cikin gidanku ta ji wai kin ajiye wafarin, maganin tsinka jinin da kike sha saboda bawul na ƙarfe, wato ƙofar jinin da aka sa miki a zuciya, tun da kika ga wata ya wuce, don an ce miki yana ɓata ciki, kuma an karɓo miki wani jiƙo kina sha. Ina roƙon Allah ya sa tsegumin mata ne. In kuwa gaskiya ne, to yau zan ajiye kunyar da ke tsakanin uwa da 'ya in yi miki magana irin wadda na yi wa 'ya'yan wasu a shekarun da na yi ina aikin jinya.

Wadda ta ce miki maganin yana iya taɓa ɗan tayi ba ƙarya ta yi ba, rabin magana ta faɗa miki. Wafarin yana ratsa mabiyiya, kuma haɗarinsa ya fi yawa tsakanin mako na 6 da na 12, lokacin da ake halittar ƙashi da hanci. Shi ya sa likitoci suke da tsari a kai. Wata sukan bar ta a kan ƙwayar in abin da take sha bai wuce miligiram 5 a rana ba, wata kuma su mayar da ita allurar hefarin, wani maganin tsinka jinin, safe da yamma, wadda ba ta isa ga ɗan, suna auna jininta akai-akai. In ciki ya kai wajen mako 36 sai a sake shiri domin haihuwa. Ko'ina kika duba musanya ake yi, magani ya maye gurbin magani. Babu likitan da zai ce wa mai bawul na ƙarfe a zuciya ta zauna haka nan ba komai.

Kin san dalili, amma zan maimaita. Jini ba ya son ƙarfe, da ya same shi sai ya nemi daskarewa a jikinsa. Mai juna biyu kuma jininta ya fi na kowa saurin daskarewa, haka Allah ya tsara don kada ta zubar da shi duka wurin haihuwa. Naki bawul ɗin yana ɓangaren hagu, tsakanin ɗakin sama da na ƙasa, wurin da ke yawan kama guda. In gudan ya maƙale a kansa sai ya kasa buɗewa da rufewa, ruwa ya cika huhu. In ya ɓalle ya haura ƙwaƙwalwa, shanyewar ɓarin jiki ke nan. Na yi jinyar yarinya sa'arki da wannan ya sama. Bakinta ya karkace, jaririnta yana kuka a gefe, ba ta da hannun ɗaukarsa. Ita nake gani tun daren da Asabe ta bar gidan nan. Ina salla ina ganinta, Allah ya yafe mini. Kuma abin ba ya sallama, Ummi. Kina iya wuni lafiya kina shara, la'asar ta yi ki faɗi. In ya kai ga sai an sake buɗe ƙirjinki da ciki a jikinki, injin da ke riƙe jini lokacin aikin babban haɗari ne ga ɗan tayi. Ɗan da kike ƙoƙarin karewa shi za ki fara rasawa.

Na kuma ji abin da kika gaya wa yayarki, wai da mun zaɓa miki bawul na tsoka da yanzu ba ki cikin wannan wahala. Ya yi mini zafi. Ke lokacin ko tabarma ba ki iya kwanciya a kai sai an tara miki filo, ba ki san zaman da muka yi da likitan nan na Indiya ba. Ya shimfiɗa mana komai. Na tsokar dabba ba ya buƙatar maganin tsinka jini na har abada, amma a jikin matashi yana saurin lalacewa, shekara goma da 'yan kai, wani ma bai kai ba, sai a sake tsaga ƙirji. Na ƙarfe kuwa tun 1960 ake saka wa mutane irinsa, kuma yakan raka mutum har ƙarshen kwanansa muddin ana shan magani. Gonar Basawa guda ɗaya ce, ta tafi a aikin farko. Da me za mu yi na biyu? Ko kin manta yadda ruwa ya taru a jakar zuciyarki bayan mun dawo, da daren da muka yi a asibitin Shika kafin a zuƙe shi? Wanda ya ga wannan ba ya sa hannu a takardar da za ta kai 'yarsa ɗakin tiyata sau biyu. Ko yau aka sake tambayata, abin da na zaɓa shi zan zaɓa.

Abin da ya fi ba ni takaici, kin yi karatu. Kin san adadin INR ɗinki, wato awon tsinkewar jininki, ya kamata ya tsaya tsakanin 2.5 da 3.5, ke da kanki kike rubutawa a ɗan littafin nan. Kin san ko Flagyl ko Septrin aka ba ki a kemis sai ya hargitsa shi, ballantana sassaƙen da ba wanda ya san abin da ke ciki. Amma don kada a ce amarya mai ciwo ce, sai kika gwammace ki faranta wa mutanen da ba su taɓa kwana a bakin gadonki ba. Ai ba ɓoye musu muka yi ba. Babanki ya zaunar da waliyyan mijinki a zaure ya gaya musu komai kafin a karɓi sadaki.

To, ya isa. Na san tsoro ne ya sa ki, ba taurin kai ba. Mata masu irin bawul ɗinki suna haihuwa su yi goyo, har shayarwa suna yi a kan wafarin ba ya cutar da jariri. Sai dai cikinsu na likitan zuciya ne da likitan mata tare, daga farko har arba'in.

Tun da na ambaci arba'in, bari in faɗi wannan tun da wuri don kada ya zama rigima daga baya. A gida za ki haihu, wato a asibiti nan Zariya, kuma ba za a yi miki wankan jego irin wanda aka yi mana ba. Garin nan ya yi suna a littattafan likitanci saboda ciwon zuciyar masu jego. A shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi diddigin mata 224 a nan da zuciyarsu ta gaza daf da haihuwa ko bayanta, abin da a ƙasashen Turawa sai a daɗe ba a ga ko ɗaya ba, mu kuwa ana ƙiyasta mace ɗaya cikin ɗari. Sun ɗora zargi a kan tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Binciken da aka yi daga baya a Kano da wasu garuruwa ya fi karkata ga talauci da rama da hawan jinin masu ciki, har da ƙarancin wani sinadari a jini. Su likitoci su ƙarasa gardamarsu. Abin da ba gardama a kansa shi ne kanwa gishiri ce, gishiri kuma yana riƙe ruwa a jiki, zuciyar da aka ɗinke ba jakin ɗaukar kaya ba ce. Kunun gyaɗa za ki sha da ruwan ɗumi. Duk tsohuwar da ke da magana ta zo ta same ni.

Yanzu ga abin da nake so. In kin daina shan maganin, kada ki haɗiye biyu ko uku ki ce ramuwa kike yi, wannan zubar jini zai jawo. Ki zubar da jiƙon. Ki gaya wa mijinki gaskiya yau, a auna jininki, a yi hoton zuciya a duba bawul ɗin. Ki riƙa sauraren ƙarar nan tasa da dare. In kika ji ta dusashe, ko numfashi ya fara yi miki wuya in kin kwanta, ko hannu ya yi nauyi, ko harshe ya sarƙe, ba a jiran gari ya waye. Alayyahu da zogale ba a hana ki ba, amma ki daidaita, kada yau tuli gobe babu. Ciwon kai ko na baya, ban da ibuprofen da diclofenac.

Sani zai zo da mota ranar Litinin da sassafe. Ki taho da katin asibiti da littafin INR da sauran ƙwayoyin a kwalinsu, ina so in ƙirga su da idona. Kada ki nuna wa Hajiya wannan takarda, ni zan kira ta da kaina in yi mata bayani cikin mutunci, babbar mace ce kuma jikanta take so.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki