Abba, kafin ka sa hannu a takardar nan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Gida kowa lafiya. Hajiya ta samu sauƙin ƙafar har tana fitowa tsakar gida, kullum kuma sai ta tambaya ko bizar mijinta ta fito. Ummanka ta daka maka yaji, ta ƙulle kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa. Kilishin na ce ta bari, don ba a barin nama ya shiga Ingila daga nan.

Na zauna na rubuta maka ne saboda a waya ba ka barina in kai aya. Da na fara sai ka hau "to Baba, to Baba", ni kuwa na san irin wannan to ɗin naka tun kana firamare.

Allah ya sani na yi murna da kai. Ka gama Jami'ar Bayero ba ka jawo mana abin kunya ba, ka yi bautar ƙasa, yanzu ga gurbin digiri na biyu a harkar kasuwanci a Birmingham. Duk layinmu a Kantin Kwari babu wanda ban gaya wa ba. Sanyin garin da sallarka da abokan da za ka yi, duk na bar wa Allah da tarbiyyar da ka samu, ba su ne suka hana ni barci ba.

Abin da ya hana ni barci magana ce ta iso kunnena, kada kuma ka tsare ƙannenka da tambayar wa ya faɗa. An ce kana cike takardun wani kamfani mai ba ɗalibai rancen dala, a biya da ruwa bayan an gama karatu, wai don ka cike ragowar kuɗin makaranta ba tare da ka ɗora mini nauyi ba. Abba, da gaske ne? Bashin ruwa, a gidan nan?

Ka haddace Baƙara a gabana. Ka san ayar da Allah ya halatta ciniki ya haramta cin ruwa, ka kuma san wadda ke bayanta kaɗan, inda aka yi shelar yaƙi daga Allah da Manzonsa ga wanda ya ƙi bari. Mai ci da mai bayarwa da mai rubutawa da shaidu, hadisi bai ƙyale ko ɗaya ba. Da wannan kaɗai ya isa, amma tunda lissafi ka karanta, zo mu yi lissafin.

A farkon 2023 fam ɗin Ingila bai kai naira 600 ba a farashin gwamnati. Da aka saki naira a watan Yuni na shekarar, kafin Fabrairun 2024 ya fita fam ya haura 2,000 a kasuwar canji ta Wapa. Ina tsaye a shago na ga 'yan kasuwar da suka ɗauko kaya bashi da dala sun sayar da atamfa kaf, sun ƙirga kuɗi cike da jaka, kuɗin bai biya rabin abin da ake bin su ba. A 2024 ɗin ne muka ji a rediyo wata jami'a a arewacin Ingila ta cire ɗalibai 'yan Najeriya daga karatu saboda sun kasa cika kuɗi, har aka ce su bar ƙasar. Waɗannan ma kuɗin iyayensu ne ya narke. Ina ga wanda ruwa ke hawa kansa kowane wata?

Na san amsarka: za ka yi aiki a can ka biya. Awa 20 a mako doka ta yarje wa ɗalibi lokacin karatu, kuma abin da za ka samu haya da abinci da kuɗin mota za su cinye shi. Bizar zama neman aiki bayan kammalawa shekara 2 ce, sun kuma ce daga 2027 za ta koma wata 18. Idan aikin bai samu ba fa? Idan ya samu, ai shi ke nan an ɗaure ka, don albashin naira ba zai biya bashin dala ba. Ka ce sai baɗi, baɗi ka ce sai an rage, har Hajiya ta tafi ba ka nan, har a aurar da ƙannenka kana kallo ta waya.

Kana da wayo lokacin abin da ya sami Baffanka. Ka ga ranar da aka zo da kwado, ka ga yadda iyalinsa suka dawo ɗakin soro. Har yau ba ya bi ta layin nan. Shi ma da "ɗan lokaci ne" ya fara.

Ka ce kana tausaya mini. Wane irin tausayi ne wannan da za a yi a bayan idona? Da na sayar da filin Ɗanbare mutane sun yi ta magana, har da Kawunka, wai na rabu da ƙasa don takarda. Na yi shiru, don na san abin da nake gudu. Manajan banki ya sha zuwa shagona da kansa yana roƙo in karɓi rance, ban taɓa karɓar ko sisi ba, kuma ba ku taɓa kwana da yunwa ba. Yanzu kai da aka kashe wa kuɗi ka yi ilimi, kai ne za ka buɗe ƙofar da ni da ban wuce sakandare ba na rufe? Wallahi idan ka sa hannu ban yarda ba, kuma ba da yawuna ka hau jirgin ba.

To, na faɗi mai zafin. Na san zuciyarka, ba don raini ka yi ba, ka ga kasuwa ta ja baya ne ka ji kunyar sake tambayata. Allah ya yi maka albarka a kan wannan. Amma nauyin nawa ne, kuma ban gaza ba tukuna.

Ka je ka koyi duk abin da za su koya maka, har yadda bankunansu ke juya kuɗi, don a san shi a kauce masa. Ka sa ido musamman kan hada-hadar kuɗi ta Musulunci. Ita kanta gwamnatin Ingila ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, a 2014, tamu ta bi a 2017 aka yi tituna da shi, ga bankin Jaiz nan yana aiki tun 2012. Mutanen Kwari da Singa da Dawanau suna da jari da amana, abin da suka rasa shi ne ɗansu da ya iya tsara littafi da yarjejeniyar haɗin jari a rubuce. Wannan nake so ka dawo mana da shi.

Ranar Juma'a ka taho da takardar makarantar mai nuna abin da ya rage da ranar da za a biya. Na yi magana da Alhaji, ya ce zai ba da aro ba ƙari zuwa bayan babbar salla, sauran kuma akwai dilar shadda a sito da zan karyar. Ka kira Ummanka yau, ba ta san da wannan maganar ba, kuma ba sai ta sani ba.

Allah ya tsare, ya kai ka lafiya.

Mahaifinka