A zo a duba gidajen raino, amma kada a zo da littafin rasit

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da hukumomin garinmu a kan sana'ar da nake ci da ita, wato rainon yaran mutane a gida.

Mu masu wannan aiki muna da yawa a Maradi, daga unguwar Zariya zuwa Sabon Gari har Ali Ɗan Sofo. Malamar makaranta, ma'aikaciyar asibiti, mai sayar da atamfa a babbar kasuwa, duk da sassafe suke ajiye mana 'ya'yansu, sai bayan la'asar su ɗauka. Mai son buɗe makarantar kuɗi sai ya nemi izini daga ma'aikatar ilimi. Mu kuwa, ni dai tunda na fara babu wani jami'i da ya taɓa yin sallama a ƙofata ya ce bari ya ga inda yara suke kwana. Wasu abokan sana'ata suna ganin hakan hutu ne. Ni tsoro yake ba ni.

Babu ɗan Maradi da ya manta ranar 8 ga Nuwamba 2021, da gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta a nan garin, yara aƙalla 25 suka rasu, 'yan shekara 5 da 6. A watan Afrilu na shekarar an yi irinta a Yamai, yara kimanin 20. Allah ya ji ƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Bayan ta Maradi ne gwamnati ta hana sa ƙananan yara a ajin zana. To amma rumfar zana nawa ce a gidajen raino, kuma murhu na ci a gefenta? Wa ya ƙirga?

Wanda zai zo dubawa, ba sai ya zo da dogon ilimi ba. Ya tsaya a tsakar gida ya kalli ƙasa, daidai tsayin mai rarrafe. Zai ga baho cike da ruwan wanki an bar shi a buɗe, kuma yaro ɗan shekara ɗaya idan ya kifa kai a ciki ba ya iya ɗagowa, ba ya ma ihu. Zai ga rijiya da aka rufe da tsohon kwano. Zai ga kalanzir ko fetur a kwalbar lemo a bayan ƙofa, abin da ya zama ruwan dare a garin nan saboda kusancinmu da iyakar Najeriya, yaro mai ƙishi kuma bai san bambanci ba. Na taɓa shiga wani gida da azahar a watan Afrilu, na tarar da jarirai jere a tabarma cikin ɗakin kwano mai taga ɗaya, an ja ƙofa, matar gidan ta tafi kai niƙa ta bar wa 'yarta da ba ta wuce shekara 9 ba. Ba muguwa ba ce, Allah ya sani. Yaran ne suka fi ƙarfinta, kuma babu wanda ya taɓa ce mata ga iyaka.

Iyakar nan ita ce babbar magana. Mace ɗaya hannu biyu gare ta da baya ɗaya. Idan wuta ta tashi, jarirai nawa za ta fitar a tafiya ɗaya? A zauna da likitocin yara a yanke adadi, a rubuta, mu bi. A kuma wajabta mana ganin katin rigakafin kowane yaro kafin mu karɓe shi, don ƙyanda idan ta shiga ɗaki ɗaya ba ta barin kowa.

Inda nake jan kunnen hukuma shi ne kuɗi. Abin da iyaye ke ba mu a wata 'yan jakunkunan sefa ne, wata ma sai ta haɗa da kwanon gero. Idan aka ce takardar izini sai an biya kuɗi mai yawa, sai an kawo hoto da tambari da takardar kaza daga ofishi kaza, wallahi babu mai zuwa. Za a ci gaba da raino, sai dai a rufe ƙofa, duk wanda ya tambaya a ce masa jikoki ne. Ka ga an koma gidan jiya, har ma ya fi muni, tunda yanzu da ɓoyo.

Shawarata, a yi rajista kyauta a wurin mai unguwa, shi ya san kowane gida. Dubawa kuma a ba ma'aikatan asibitin unguwa, mata, waɗanda dama suna shiga gida-gida da damina suna raba wa yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, mazajenmu ma ba sa hana su shiga. Su zo ba tare da sanarwa ba. 'Yan kwana-kwana su tara mu ko sau ɗaya a shekara su nuna mana abin da ake yi wa yaron da ya ƙone ko ya shaƙe. Wadda aka samu da gyara a ba ta wa'adi a dawo. Wadda ta ƙi gyarawa a sanar da iyayen yaran, a hana ta karɓar ɗan kowa.

Ina fata hukumomin garin Maradi za su kira mu a zauna kafin zafin bana ya kama.

Wassalam.

Wata mai rainon yara,
Unguwar Zariya, Maradi