Wasiƙa zuwa ga aminina a kan tseren keke da kekensa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk wanda ke tare da kai. Saƙonka ya iso, na kuma ji daɗi ƙwarai da ka riƙe hawan keken nan da gaske. Abu biyu ka tambaya: dalilin da ya sa ƙungiyar da kake goyon baya ta wayi gari da sabon suna, da kuma ko sayen keke irin na 'yan tsere zai raba ka da ciwon gwiwa da zama na baya duk lokacin da aka zo hawan tudu. Tambayoyin nan biyu bakinsu ɗaya, shi ya sa zan fara da maganar kuɗi.

Tseren keke na kan titi ba shi da filin wasa, ba ƙofa, ba tikiti. Mai kallo yana tsayawa a bakin titi kyauta. Kuɗin nuna tsere a talabijin kuma yana shiga aljihun masu shirya gasar ne, kamar kamfanin ASO mai Tour de France, babbar gasar keke ta Faransa, abin da ke kaiwa ga ƙungiyoyi ɗan kaɗan ne. Saboda haka albashin mahaya, da motoci, da kanikawa, da likitoci, kusan duk yana wuyan kamfanin da ya sayi sunan ƙungiyar. Kulob ɗin ƙwallo sunan garinsa yake ɗauka, ita kuwa ƙungiyar keke sunan mai biyan kuɗi take amsawa, ranar da ya janye sai sunan ya bi shi.

Dubi ƙungiyar nan ta ƙasar Holan. Bankin Rabobank ya ɗauki nauyinta tun 1996, sai ya janye a ƙarshen 2012 bayan tonon asirin shan ƙwayoyin ƙara kuzari da ya biyo bayan binciken mahayin nan na Amurka Lance Armstrong. Farkon 2013 ƙungiyar ta yi tsere da sunan Blanco, ba tallar kowa a ƙirjinta, kafin Belkin ya shigo. Daga nan ta zama LottoNL-Jumbo, ta zama Jumbo-Visma, a 2024 kuma ta koma Visma-Lease a Bike. Abin da zai ba ka mamaki shi ne a 2023 ita ta cinye manyan gasa ukun nan duka: Roglič ya ci ta Italiya, Vingegaard ya ci ta Faransa, Kuss ya ci ta Sifaniya. A wannan shekarar dai Jumbo ya yi sallama da ita. Ita ma ta yi sa'a. HTC-Highroad, wadda Mark Cavendish yake ciki, tana cikin waɗanda suka fi kowa cin tsere, amma ta watse a ƙarshen 2011 don ba a sami mai ɗaukar nauyi ba. Qhubeka ta Afirka ta Kudu ma haka ta ƙare a ƙarshen 2021, kuma wannan ya yi ciwo, don a cikinta ne Daniel Teklehaimanot ɗan Eritriya ya sa rigar gwanin hawan tsauni a Tour na 2015. Wannan rashin tabbas shi ya sa ƙungiyoyin da kuɗin ƙasa ke bayansu, irin UAE Team Emirates ta Pogačar, suka fi sauran kwanciyar hankali wajen riƙe manyan mahaya.

Ba yau aka fara ba. Jaridar L'Auto ce ta ƙirƙiro Tour de France a 1903 don ta ƙara ciniki, Giro na Italiya kuma jaridar La Gazzetta dello Sport ce ta fara shi a 1909. Tun 1930 ayarin motocin talla ke wucewa gaban mahaya a Tour. Rigar nan mai ruwan ɗorawa da jagora ke sawa ma banki ne ke ɗaukar nauyinta tun 1987.

Idan ka san wannan, kallon tseren zai sauya maka. Ka lura da mutum huɗu ko biyar da ke ficewa daga ayari tun farkon zango, wato tseren yini guda a cikin gasa, galibi 'yan ƙananan ƙungiyoyi, su yi sa'o'i suna gaba. Sun san da wuya su kai. Masu sharhi suna da wani tsohon lissafi, cewa ayari idan ya sa kai yakan rage tazarar kusan minti ɗaya a kowace kilomita 10, don haka tazarar minti uku alhali saura kilomita 50 ba ta isa ba. Amma sa'a uku kyamara tana kan rigarsu, kuma abin da kamfani ya biya ke nan. Ka kuma lura da wanda ya ci zango shi kaɗai: kafin ya tsallake layi sai ya ja zik ɗin rigarsa sama, don sunan ya fito sosai a hoto.

To, keken da ke ƙarƙashinsa ma haka yake. Ba shi ya zaɓa ba, yarjejeniya ce ta kawo shi, da tayoyi, da hular kwano, da tabarau. Kullum da yamma bakanike yana wanke shi yana duba shi, wani keken kuma yana kan rufin mota a bayansa, titi kuma a rufe yake dominsa. Kai ba ka da ko ɗaya. Hukumar UCI mai kula da tseren keke a duniya ta hana keken tsere ya gaza kilo 6.8, naka wataƙila ya kai 9. Yi lissafi: kai kilo 75, keke da ruwa da kayan faci kilo 10, jimla 85. Idan ka kashe maƙudan kuɗi ka rage kilo ɗaya, ka rage kashi ɗaya da ɗan wani abu cikin ɗari ne kawai. A hawan da ke cin minti 20, ribar ba ta kai daƙiƙa 15 ba, a miƙaƙƙen titi kuwa kusan babu. Ina roƙonka ka ajiye kuɗinka tukuna. Abin da ya kamata ka kwaikwaya a wurinsu shi ne yadda suke zama a kan keke, da yadda suke ci, da yadda suke fakewa daga iska.

Gwiwarka dai, ina kyautata zaton sirdi ne. Tsaya ba takalmi, bayanka a jikin bango, ka matse littafi a tsakanin cinyoyinka har sama, a auna daga ƙasa zuwa bakin littafin. Ninka abin da aka samu da 0.883. Wannan shi ne tsawon da za ka auna daga tsakiyar sandar da fedoji ke juyawa a kanta zuwa saman sirdi. Mai santimita 84 zai sami kusan 74. Mafari ne kawai, jiki shi zai ƙarasa faɗa maka. Idan ciwon a gaban gwiwa yake, galibi sirdin ya yi ƙasa. Idan a bayanta ne, ko kana jin ƙugunka yana rangaji hagu da dama, ya yi sama. Kada ka motsa shi fiye da milimita 3 zuwa 5 a lokaci guda, ka yi fita biyu ko uku kafin ka sake taɓawa, ka kuma manna ɗan tef a sandar don ka san inda ka taso. Sirdin ya kwanta daidai, kada hancinsa ya duƙa, in ba haka ba za ka riƙa zamewa gaba, nauyi ya koma kan tafin hannu har yatsu su mutu. Idan gwiwar tana kumbura, ko ciwon ya wuce mako biyu bayan gyaran, ka ga likita.

Abu na biyu da ke cin gwiwa shi ne giya mai nauyi. Ƙwararru da yawa suna hawa da faifan sarƙa biyu masu haƙora 54 da 40 a gaba, don ƙarfinsu ya kai. Kai abin da ya dace da kai 50 da 34 ne a gaba, a baya kuma jerin da ya kai 32 ko 34. Kafin ka saya ka tabbata abin sauya giyarka na baya zai iya ɗaukar babban faifan, don mai gajeren hannu ba ya kaiwa. Ƙidaya sau nawa gwiwarka ta dama ke tasowa cikin daƙiƙa 15, ka ninka da huɗu. A miƙaƙƙen titi ka nemi 80 zuwa 95. A hawa idan ka faɗo ƙasa da 60, kana niƙa gwiwarka ne. Ka sauya giya kafin tudun ya kama ka, ka ɗan sassauta ƙafa lokacin sauyawa, don sauyi a ƙarƙashin matsi shi ke tsinka sarƙa.

Tunda sarƙa ta shigo, ita ce abin da mutane suka fi sakaci da shi. Ƙusoshinta na cinyewa a hankali har ta ƙara tsawo, daga nan sai ta fara cin haƙoran baya. Akwai ɗan ma'auni na ƙarfe da ake tsomawa a tsakaninta. Idan giyarka ta baya 11 ce ko 12, ka canza sarƙa da zarar ya nuna ta ƙara tsawo da kashi 0.5 cikin ɗari. In ka bari ta wuce, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kan tsofaffin haƙora, dole ka canza duka. Mai kuwa ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda baya, ka bar shi ya shiga, sannan ka goge na waje da tsumma sosai. Man da ya rage a waje ƙura yake tarawa, ya zama kamar dutsen wasa wuƙa.

Taya mai faɗin milimita 28 ta fi maka siririya, su kansu ƙwararrun yanzu a nan suke ko sama. Ga mai nauyinka da tiyub a ciki, iska ta tsaya wajen psi 70 zuwa 80 a ma'aunin famfo, ta gaba ta ɗan gaza ta baya. Idan ta yi yawa keken zai riƙa tsalle a kan gargada, ka gaji, riƙon titi ya ragu. Idan ta yi kaɗan, da ka daki rami sai gargaren ya cije tiyub, ka ga huda biyu kusa da juna kamar saran maciji. Duk lokacin da ka yi faci, ka shafa cikin tayar da yatsa a hankali ka cire abin da ya huda ta.

Zama na baya a ƙarshen doguwar fita sau da yawa yunwa ce, ba rashin ƙarfi ba. Sukarin da jiki ke ajiyewa yakan ƙare bayan kamar minti 90 na aiki mai tsanani, kuma idan ya ƙare ƙafa sai ta zama kamar ba taka ba, kai ya yi jiri. Ƙwararru suna cin giram 90 har 120 na sitaci da sukari a sa'a guda, amma sun horar da cikinsu ne a hankali. Kai ka nemi 40 zuwa 60. Matsakaiciyar ayaba ɗaya tana da kusan 25. Ka fara ci tun minti 45 na farko, kada ka jira yunwa, ruwa kuma rabin lita zuwa uku bisa huɗu a sa'a, fiye da haka in ana zafi, da ɗan gishiri a ciki. Yawancin fitarka ta mako ka yi ta a saurin da za ka iya hira ba tare da haki ba, mai tsanani sau ɗaya ko biyu ya isa.

Sai iska, wadda ita ce sirrin wasan gaba ɗaya. Wanda ya fake a bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahala, na tsakiyar ayari ma fiye da haka. Shi ya sa a manyan gasa kowace ƙungiya ke zuwa da mutum takwas, bakwai suna tare wa madugu iska suna ɗauko masa ruwa, shi ya sa kuma al'ada ce wanda ya ci Tour ya raba wa abokan aikinsa kyautar yuro 500,000. Ko Biniam Girmay da ya ci zango uku da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki a Tour na 2024, sai da aka rako shi kusa da layi kafin ya saki ƙarfinsa. Idan za ka koyi wannan da abokan hawanka, ka fara da tazarar taya guda, idonka a kan hanya ta saman kafaɗar na gabanka, ba a kan tayarsa ba. Kada ka taɓa bari tayarka ta gaba ta shiga gefen tasa ta baya. Da ya ɗan karkata suka gogu, kai ne za ka sha ƙasa, na bayanka kuma su hau kanka. Idan za ka rage gudu, ka daina taka feda ko ka ɗan fito cikin iska kafin ka taɓa birki, ka kuma nuna wa na baya rami da hannu.

Hular kwano kuwa babu sassauci a kanta. Sai da Andrei Kivilev ya rasu bayan faɗuwa a gasar Paris-Nice a 2003 sannan aka wajabta ta ga ƙwararru. Ta zauna yatsa biyu sama da gira, igiyar ta ɗaure yadda yatsa ɗaya ko biyu kawai za su shiga ƙarƙashin haɓa. Idan ta taɓa dukan ƙasa ka canza ta ko ba ka ga tsaga ba, don abin da ke cikinta sau ɗaya yake shanye duka.

Ka aiko mini da awon da ka samu a jikin bango, da tsawon sirdinka na yanzu, da adadin haƙoran gaba da na baya, da kuma daidai wurin da gwiwar ke ciwo, sai mu ga ta inda za a fara. Ka gaishe mini da mutanen gida baki ɗaya. Allah ya kiyaye hanya.

Naka har kullum,
Amininka.